Wata uku da manhajar taswirar tarihin duniya a wayata

Tun ina makaranta na san an fara Yaƙin Duniya na Farko a 1914, an gama a 1918, amma haddar aku ce kawai. Da za a tambaye ni yadda kisan Franz Ferdinand, yarima mai jiran gadon sarautar Ostiriya-Hungary, a Sarayebo ya jawo rabin duniya cikin wuta, sai dai in yi shiru. Wannan giɓin ne ya sa na sauke manhajar.

Ginshiƙinta taswira ce mai motsi. A ƙasan allo akwai layin shekaru, kana jan sa da yatsa, iyakokin ƙasashe suna sauyawa a gaban idonka. Ranar farko na kai shi 1795, sai na ga Poland ta ɓace ɗungurungum, Rasha da Prusiya da Ostiriya sun raba ta tsakaninsu kamar gado. Na yi ta ja, shekara na bin shekara babu ita, sai a 1918 ta sake ɓullowa. Shekara 123 al'umma guda ba ta da suna a taswira! Na daɗe ina kallon wurin, abin ya taɓa mini zuciya.

Daga nan na fara gane cewa al'amuran da na haddace a warwatse ashe maƙwabtan juna ne. A 1492 Garnaɗa da ke Sifen ta faɗi, mulkin Musulmi a Andalus ya ƙare, kuma a shekarar ce sarakunan da suka ci ta suka sallami Kolumbus ya tsallaka Tekun Atlantika. Haka Mongol: sun rusa Bagadaza a 1258, shekara biyu kacal bayan nan Mamluk na Masar suka taka musu birki a Ain Jalut. A kan taswira kana ganin inda guguwar ta tsaya.

Ɓangaren kacici-kacici kuwa bai burge ni ba. Tambaya goma kullum, kusan duka ta shekara ce. Za ta tambaye ka yaushe aka kafa Majalisar Ɗinkin Duniya, ka danna 1945, ta yaba maka, ba tare da ta ce uffan kan abin da ya durƙusar da ƙungiyar da ta gabace ta ba. Ga talla a tsakani, ga cin caji.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Afirka. Kafin taron Berlin na 1884 zuwa 1885, galibin nahiyar fari fat take, kamar babu kowa a ciki sai da Turawa suka zo da abin awo. Daular Mali an taƙaita ta ga hajjin Mansa Musa na 1324. Na nemi Tondibi, inda sojojin Maroko suka karya Songhai da bindigogi a 1591, ban samu ba. Adwa, inda Menelik na Biyu, sarkin Habasha, ya fatattaki Italiya a 1896, layi biyu aka ba ta. Yaron da zai koyi tarihi daga nan, me zai ɗauka game da kakanninsa? Na rubuta wa masu manhajar a kan haka, har yau shiru.

Duk da haka ban goge ta ba. Jiya da dare ma a 1991 na tsaya, ina ƙirga ƙasashe 15 da suka fito daga cikin Tarayyar Sobiyet, ɗaya bayan ɗaya.