Soyayyar shagon littattafai ta Turawa da tamu ta gida: amsa ga wadda ta gaji da kuka

'Yar'uwarmu ta Ƙofar Marusa ta ce ta gaji da littattafan da ba a gama su sai an jiƙa filo da hawaye, kishiya ta yi asiri, uwar miji ta hura wuta. Ta ji ana yabon wasu na Turawa da ake gina soyayyarsu a cikin shagon sayar da littattafai, waɗanda ake rufewa zuciya wasai. Tana so ta san me ya raba su da namu, wanne ya cancanci kuɗinta, kuma in mutum ya so rubuta irinsu a Katsina, zai zauna ko zai zama bambaraƙwai.

Malama, bambancin farko yana wajen alkawarin da littafi yake yi wa mai saye. A Ingila da Amurka, duk littafin da aka jera a rukunin soyayya sai ya cika sharaɗi biyu: soyayyar ita ce ƙashin bayan labarin, kuma masoyan su ƙare tare cikin farin ciki. In marubuciya ta kashe saurayin a babin ƙarshe, masu karatu za su ce ta ci amanarsu. Namu bai taɓa ɗaukar wannan alkawari ba. Tun daga littattafan da aka samu sanadiyyar gasar rubuta ƙagaggun labaran Hausa ta 1933, wadda Abubakar Imam ya shiga yana malami a Makarantar Midil ta Katsina, wanda ya taɓo soyayya a cikinsu, wato Jiki Magayi, labarin mai kuɗi ne da ya ƙwace wa saurayi budurwa, ya ƙare da ramuwar gayya. Da Adabin Kasuwar Kano ya kankama a shekarun 1980, auren dole da kishi da sakin wulaƙanci suka zama jigo, domin su ne ciwon da ke damun matan da ke rubutawa da masu karantawa. Wannan ba aibi ba ne. Kowa ya san inda yake masa ƙaiƙayi.

Ginin na Turawan kusan ɗaya ne. Shafi 300 zuwa 400, kalmomi kamar 70,000 zuwa 90,000, littafi guda cikakke. Mace ta rasa aiki ko ta rabu da wani, ta koma ƙaramin gari, ta gaji shagon kakarta ko ta kama aiki a wajen wani tsoho mai faɗa. Shagon na fama da bashi da kuɗin haya. Namijin yakan zo a matsayin abokin gaba: ɗan mai ginin da ke son sayarwa, ko wakilin babban kamfanin da zai buɗe reshe a tsallaken titi, ko marubucin da rubutu ya ƙi masa. Suna haɗuwa cikin babi ukun farko, su yi ta ja-in-ja, su shaƙu, sai a wajen kashi uku cikin huɗu na littafin wani sirri ya fito su ɓata. Ragowar shafukan na sulhu ne da ceton shago, yawanci mutanen gari su taru su yi karo-karo. Tsoron rufe shagon nan ba ƙirƙira ba ce. A Birtaniya an daɗe da yarjejeniyar da ta hana kowa karya farashin sabon littafi, ta rushe a shekarun 1990, daidai lokacin da Amazon ya fara sayar da littattafai ta intanet a 1995. Manyan kantuna suka karya farashi, ƙananan shaguna da yawa suka rufe. Mai karatu a can yana karanta labarin yana tuna shagon unguwarsu da ya zama wurin sayar da waya.

A taƙaice, a nasu abin da ke tsakanin masoya yana cikin zuciyarsu ne, da kuma aljihunsu. A namu yana tsakar gida: Baba ya riga ya yi alkawari, Inna ba ta son dangin yarinyar, ga uwargida tana jira. Shi ya sa nasu yake da sanyi, namu yake da zafi.

Akwai kuma dalilin kasuwa, wanda masu ƙorafi ba su cika lura da shi ba. Littafinmu na takarda kashi-kashi yake fitowa, na ɗaya, na biyu, na uku, saboda jarin marubuci bai kai ya buga duka a lokaci guda ba, cinikin na ɗaya ne ke buga na biyu. Dole a yanke labari a inda mai karatu zai kasa barci. Da aka koma WhatsApp da Wattpad, manhajar karanta labarai a waya, abin ya ƙaru: shafi ɗaya kullum, ashirin ko talatin na farko kyauta, sannan a ce sai an biya. Labarin da babu mari, babu saki, babu asibiti, da wuya ya sa mutum ya tura kuɗi a shafi na talatin da ɗaya. Baturiya ta riga ta sayar da littafinta gaba ɗaya kafin a buɗe shi, tana da sararin ɓata babi guda a kan ruwan sama da shayi da ƙamshin tsohuwar takarda.

Masu yabon na Turawan abin da suka fi faɗa shi ne hutu. Ka san inda za a je, ba ka fargaba, ga mutanen gari masu ban dariya, ga hira a kan littattafan da kai ma ka sani. Masu kushe kuma suna da hujja, kuma mu ma muna tare da su a kan abu uku. Zaƙin yakan yi yawa har ya gundura. Rikicin da ke raba masoyan sau da yawa rashin fahimta ne da magana ɗaya za ta warware, amma a ja shi shafi hamsin. Sannan lissafin shagon ba ya hawa: mai shago yana samun ragin da bai cika kai rabin farashin da ke bango ba, a ciki zai biya haya da wuta da ma'aikaci, amma a labari taron dare ɗaya ya goge bashin shekaru. Wani abin da zai fi damun mai karatu a nan shi ne ambaton littattafai. In jarumar tana ta zuba sunayen tsofaffin marubutan Ingila kina ba ki san su ba, rabin daɗin ya wuce ki.

Sai maganar da ba a son faɗa a fili. Bango mai zanen furanni da kyanwa a taga ba ya nufin ciki tsaf yake. Wasu suna rufe ƙofa idan an zo ɗakin barci, wasu a buɗe suke barinta, kuma zama tare ba aure da shan giya abu ne na yau da kullum a cikinsu. Kafin ki saya, ki nemi sunan littafin a Goodreads, shafin intanet da masu karatu ke sharhin littattafai suna ba su tauraro ɗaya zuwa biyar, ki tsallake masu tauraro biyar da masu ɗaya, ki karanta sharhin masu uku, su ne suka fi adalci. Masu sharhi da yawa suna sa alamar barkono, ɗaya zuwa biyar, gwargwadon yawan batsar. Mara barkono, ko mai guda ɗaya kacal, shi ne naki. (A yi adalci, wasu littattafanmu na waya da ake biya sun wuce barkono biyar, kuma su babu mai sa musu alama.) In kuma natsuwar kawai kike nema, akwai na Japan da Koriya ta Kudu da aka fassara zuwa Turanci. Gajeru ne, soyayyar kaɗan ce ko babu, mutane ne da rayuwa ta gajiyar suna warkewa a hankali tsakanin kantoci. Wasu na ganin ba abin da ke faruwa a cikinsu, kuma da gaskiyarsu.

Hukuncinmu: don hutun kwana biyu, na waje ya fi, in Turancin ba zai zame miki aiki ba. Don jin magana ta taɓa ƙashi, da habaici da karin magana da kunyar surukai, babu abin da zai maye namu.

Batun rubuta irinsa a Katsina zai yiwu, amma ba a ɗauko shagon Landan a dasa a bakin Babbar Kasuwa. Nasu wurin zama ne, da kujeru da kofi, mace ta yini tana buɗe-buɗe ba mai kallonta. Namu kanta ce: ki faɗi abin da kike so a miƙo miki. Jarinsa Alƙur'ani ne da Ahalari da Ishmawi da Arba'una Hadisi, da littattafan firamare da sakandare, da biro da littafin rubutu. Cinikinsa na tashi ne idan an koma makaranta a Satumba, da gab da azumi. Budurwar da ta zauna awa biyu a shagon saurayi, kafin la'asar labari ya riga ta isa gida. Marubucin da ya yi biris da wannan, mai karatu zai ajiye shi a babi na biyu.

Abin da muke da shi wanda su ba su da shi, shi ne hayar littafi a cikin gida. Matar aure ko bazawara da akwatin littattafai a ƙuryar ɗaki, da littafin da take rubuta suna da rana da kuɗin ajiya, yara 'yan aike suna shiga suna fita. Nan ga shagon labarinki. Littafi ɗaya yana zaga gida goma, wani ya ja layi a ƙarƙashin jimla, wata ta ba shi amsa a gefen shafi, ƙanenta ne ke kaiwa da kawowa bai san abin da ya ɗauka ba. Matsalolin sana'ar ma a hannu suke: kashi na uku ya ɓata a hannun wadda ta yi aure Daura, an yage shafin ƙarshe an ƙunshe ƙuli-ƙuli, gara ta ci ƙasan akwati, damina ta yi yoyo, ƙurar hunturu ta dafar da bango, ga waya ta janye masu haya. In ana son namiji mai sana'ar littafi, ga mai ɗinkin bango da gafaka, ko ɗalibin Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke bin tsofaffin gidajen malamai yana neman takardun ajami. Garin Gobarau da Wali Ɗan Marina bai rasa akwatin kaka da jikoki suka kusa zubarwa.

A bar iyaye su zama mutanen kirki, ko da za su ƙi da farko, ƙin ya zama mai dalili, kamar tsoron cewa mai sayar da littafi ba zai riƙe gida ba. A cire kishiya da boka gaba ɗaya, a bar rikici ɗaya tak. Kuma kada a tsaya inda Turawa ke tsayawa, wato ranar da aka furta so. Mai karatunmu bai yarda an gama ba sai manya sun shiga, an kai gaisuwa, an sa rana, an yanka sadaki. Babi biyu sun isa wannan. Tsawon duka kada ya wuce shafin waya arba'in zuwa hamsin, kuma a gama rubuta shi kaf kafin a saki shafin farko, domin da zarar masu sharhi sun fara kiran a kawo wa jarumar kishiya, marubucin da bai gama ba sai ya kawo ta.