Bindigar Army & Navy mai baki biyu: suna na Landan, aiki na Birmingham

Duk wanda ya ga tsohuwar bindigar farauta mai baki biyu da ke ɗauke da sunan Army & Navy zai zaci a Landan aka ƙera ta. Alhali wannan kanti, wanda wasu hafsoshin soja suka kafa a 1871 a Landan domin su riƙa samun kaya da rahusa, a zamaninsa ba ya ƙera bindiga. Sarowa yake yi daga Birmingham, galibi daga wajen kamfanin ƙera bindigogi na Webley & Scott, sannan a buga sunansa a sayar wa hafsoshi da jami'an mulkin mallaka masu haramar tafiya Indiya ko Afirka.

A ganina wannan bai rage mata daraja ba, domin a unguwar maƙeran Birmingham sana'ar a rarrabe take: akwai mai haɗa bakuna, akwai mai sassaƙa ƙota, akwai mai zanen ado a kan ƙarfe, kowa ya tsufa a kan abu guda. Da yawa daga cikin waɗannan bindigogi suna bin tsarin da Anson da Deeley suka yi wa rajista a 1875 lokacin da suke aiki da kamfanin bindigogi na Westley Richards, wato tsarin da ya ɓoye hamar da ke dukan harsashi a cikin jikin bindiga, kuma ya rage yawan sassan da ka iya lalacewa. Idan aka samu wadda ta sha kulawa, ba ta da nauyi a hannu, tana zama daram a kafaɗa, kuma idan aka rufe ta babu girgiɗi tsakanin baki da jiki. Adonta dai ba ya kama ƙafar na Purdey, shahararren kamfanin ƙera bindigogi masu tsada na Landan, amma kuɗinta ma bai kusanci na Purdey ba.

Inda take da rauni shi ne shekaru. Mafi yawansu an yi su ne don harsashi mai tsawon milimita 65, don haka cusa musu na zamani mai milimita 70 ganganci ne, kuma ƙwayoyin dalma suka sani, ba na ƙarfe ba. Wajibi ne mai saye ya cire bakunan ya duba hatimin da ke ƙarƙashinsu, na gidan gwajin bindigogi na Birmingham da aka kafa a 1813 ko na takwaransa na Landan, sannan ya sa gwani ya auna kaurin ƙarfen, domin bakin da aka yi ta gogewa daga ciki don a kawar da tsatsa yana iya wuce ma'aunin da aka gwada shi a kai.