Andalus ko Tunisiya? Amsa ga Hajiya mai shirin tafiya da Baba

Hajiya, kin ce kwana takwas gare ku, ke da Baba, kuna son ganin tsofaffin biranen bakin Bahar Rum ku kuma ci abincinsu, amma kun rasa zaɓi tsakanin Andalus ta ƙasar Sifaniya da Tunisiya. Kin ƙara da cewa Baba ya haura saba'in, kuma ya daɗe yana karantar da Risala a zaure. Wannan bayanin na ƙarshe shi ya yanke mini hukunci, amma bari in jera miki su tukuna.

A wajen gine-gine, gaskiya Andalus ta yi zarra. Masallacin Kurduba, wanda Abdurrahman na ɗaya ya fara ginawa wajen shekarar 785, idan kika shiga sai ki ga ginshiƙai jere-jere kamar gonar dabino, bakunansu ja da fari har iya ganinki. Fadar Alhamra a Garnada kuwa, rubutun "Wa la galiba illallah" ne zagaye da bangwayenta, ruwa yana gudana a tsakar gida. A Ishbiliya akwai hasumiyar Hiralda ta zamanin daular Musulmi ta Muwahhidun, wadda ake hawanta ta gangare mai lanƙwasa. Jirgin ƙasa mai gudu yana haɗa Kurduba da Ishbiliya cikin ƙasa da awa ɗaya. Sai dai ki shirya zuciyar Baba: masallacin Kurduba ya koma coci tun 1236, an gina majami'a a tsakiyarsa, kuma ba a barin kowa ya yi sallah a ciki. Na ga dattijo ya tsaya gaban mihrabin yana share hawaye, ni ma ban iya riƙe nawa ba. A Garnada, wadda ta fita hannun Musulmi a 1492, akwai sabon masallaci da aka buɗe a 2003 a unguwar Albaisin, yana fuskantar Alhamra, amma hawan tudu ne kan duwatsu. Tikitin fadar kuma sai an saya tun makonni kafin tafiya, da ƙayyadadden lokacin shiga.

Tunisiya ba ta da irin wannan ƙawa, amma abin da ke can yana raye. A tsohon birnin Tunis, inda aka haifi Ibn Khaldun a 1332, za ku ratsa kasuwar masu turare ku faɗa masallacin Zaituna, ku bi jam'i. Kairawan tana kudu da nisan kilomita kusan 160. Uƙba ɗan Nafi'u ne ya kafa ta a 670, kuma babban masallacinta har yau ana kiran sallah a cikinsa. Nan Sahnun mai Mudawwana ya karantar, nan Ibn Abi Zaid mai Risala ya rayu, nan kabarinsa yake. Mutumin da ya shekara arba'in yana biya wa ɗalibai babin farko na Risala, "Babu ma tanɗiƙu bihil alsina", ya tsinci kansa a garin da aka rubuta littafin, kin san abin da hakan zai yi masa. Kada ku tsallake zawiyar Sidi Sahibi, inda ake ziyartar sahabi Abu Zam'a al-Balawi. In akwai sauran ƙarfi, ga ribaɗin Susa, tsohon sansanin masu tsaron gaɓa, a bakin teku, ga kufan Kartaj da Rumawa suka rusa a shekara ta 146 kafin Miladiyya. Andalus ma tana da nata hakkin a kanmu, don Alfazazi mai Ishiriniya ɗan can ne, haka Ƙurɗubi mai tafsiri, amma babu wurin da za a nuna muku a ce ga zaurensu.

Abinci ne inda bambancin ya fi fitowa. A Andalus naman alade yana ko'ina, cinyoyinsa busassu a rataye a shaguna. Miyar tumatir mai sanyi ta Kurduba, salmoreho, daɗi gare ta, amma bisa al'ada ana barbaɗa mata yankakken naman alade, don haka ki ce "sin hamon", wato ban da naman alade, tun kafin a kawo. Wasu kayan zaƙin ma da kitsensa ake yi. Abin da za ku ci hankali kwance shi ne soyayyen kifi, sardin gasashshe a tsinke a bakin tekun Malaga, da soyayyen yalo da ake zuba wa zumar rake. A Garnada akwai layin masu shayi inda gidajen abincin halal suka taru. Ga kuma lokacinsu: abincin rana sai ƙarfe biyu, na dare sai tara, wanda ba zai yi wa dattijo daɗi ba.

A Tunisiya kuwa zama kawai za ku yi ku ce bismillah. Kuskus da kifi, birik mai ƙwai a ciki wanda sai an yi hattara kada ya zubo a riga, da lablabi, romon wani wake mai kama da gujiya da ake zubawa kan gutsattsarin burodi da safe. Harisa ita ce yajinsu, jan barkono niƙaƙƙe da man zaitun, kuma harshen Bahaushe ba zai yi baƙunta da ita ba. A Kairawan ku nemi makrud, tsakin alkama da dabino a ciki, a soya a tsoma a zuma, ɗan'uwan alkaki ne sak. Shi ne tsarabar da ta fi.

Mai fasfon Najeriya yana buƙatar biza a ko'ina cikin biyun, sai dai ta Shengen, wadda ake shiga Sifaniya da ita, ta fi wuya, kuma kashe Yuro ya fi kashe Dinar ciwo. Wani abu da ba zan ɓoye miki ba: tun 2023 an samu tsangwama ga baƙaƙen fata 'yan ci-rani a Tunisiya, musamman wajen birnin Safaƙis. Ku riƙa yawo da fasfo da takardar otal, ku ɗauki mota taku maimakon luwaj, motocin haya na cunkoso.

Ni dai Tunisiya zan kai Baba: kwana uku a Tunis, biyu a Kairawan a haɗa da Juma'a, sauran a Susa ya huta. Ku tafi a Afrilu ko Oktoba, don zafin Kairawan a watan Yuli bai bar na Sakkwato da nisa ba.