Manyan filaye ko ƙanana a Damagaram?

Idan ma'aikatar magajin gari za ta yanka filaye, hanya biyu ce. Ta yanka manya: tituna su yi faɗi, unguwa ta yi kyau, amma sai attajiri da babban ma'aikaci ke iya saye. Ɗan kabu-kabu ya ci gaba da haya a Birni ko Zango, ko ya koma bayan gari inda famfo bai kai ba, a garin da dama ruwa ke wuya.

Ko ta yanka ƙanana, a biya kaɗan-kaɗan, a yarda mutum ya fara da ginin laka. Za a yi cunkoso, sai an kula da magudanai. Ni dai wannan na zaɓa, don mun ga abin da wariya ta yi wa Kara-Kara, unguwar da aka keɓe wa kutare.