Ajin Ƙarshen Mako na Masu Neman Gurbin Likitanci a Titin Gwarzo: Karatun Ya Yi, Shawarar Ce da Saura

Daga Kabuga zuwa Rijiyar Zaki, da wuya mutum ya yi tafiya mai nisa bai ga allon wata cibiyar lesin da ke alƙawarin maki mai yawa a jarrabawar JAMB ba. Wadda zan yi bayani a kanta ta bambanta da sauran ta fuska guda, domin ta ware aji na Asabar da Lahadi musamman saboda ɗaliban da suka riga suka shiga jami'a, aka ba su Bayokemistiri ko Fiziyoloji ko wani fannin kimiyya, alhali zuciyarsu tana kan likitanci. Ƙanwata tana cikin irin waɗannan, kuma ni na biya mata kuɗin, don haka na bi lamarin da idon wanda aljihunsa ya shaida.

Mai neman likitanci yana rubuta darussa huɗu ne, wato Turanci da Bayoloji da Kemistiri da Fiziks, tambayoyi 60 a Turanci da 40 a kowane ɗaya daga sauran, jimilla 180 cikin awa biyu, a kan maki 400. Idan aka raba, kowace tambaya daƙiƙa 40 ce rabonta, kuma a nan ne cibiyar ta fi burge ni, saboda ta gina tsarinta a kan wannan ƙarancin lokaci. Kowace Lahadi da safe ana yin gwaji a ɗakin kwamfuta yadda ake yin na gaske, da agogo yana tafiya a saman allo, ana kuma tilasta wa ɗalibi amfani da madannan da hukumar ta tanada, N don wucewa gaba, P don komawa baya, maimakon ya riƙa lalube da linzami. Bayan an tashi, kowa yana karɓar takarda mai nuna tambayoyin da ya faɗi da kuma inda ya ɓata lokaci. Takardar ƙanwata ta nuna cewa lissafin Fiziks ne yake cinye mata minti da yawa har ta kai ƙarshen Turanci a gurguje, abin da ita kanta ba ta taɓa lura da shi ba, tun da a zatonta Turancin ne matsalarta.

Malamin Kemistiri ya cancanci yabo na daban. Na zauna a bayan aji ranar da yake koyar da lissafin iskar gas, na ga ya rubuta 22.4, wato yawan litar da ma'aunin mol ɗaya na iskar gas yake cikawa a yanayin ƙa'ida, a kusurwar allo ya zagaye shi, sannan ya kawo tambayoyi iri-iri waɗanda duk wannan adadi ne mabuɗinsu, yana hana kowa taɓa kalkuleta sai ya fara faɗin amsar da yake hasashe. Wata ɗaliba ta ce, “Malam, ai mu a jami'a mun wuce nan.” Ya amsa mata da cewa, “Kun wuce, Malama, amma a can ana ba ki shafi guda ki yi bayani, a nan kuwa kafin ki gyara zama lokaci ya tafi.” Wannan ita ce ainihin larurar ɗan jami'a: ya san abu da zurfi fiye da yadda ake tambaya, amma hannunsa ya yi sanyi a kan manhajar sakandare. Malamin Fiziks ma ba laifi. Bayoloji kuwa karanta wa ɗalibai rubutu kawai ake yi, kuma wanda ya zauna a gida da littafinsa bai yi asarar komai ba.

Wurin yana da tsafta, mata suna da ɓangarensu, ana tsayawa sallar azahar, ana kuma tashi da la'asar, wanda ya sauƙaƙa wa masu hawa adaidaita zuwa cikin gari. Sola tana riƙe kwamfutoci idan an ɗauke wuta, amma ba ta ɗaukar fanka, kuma duk wanda ya san zafin Kano a watannin da ake tunkarar jarrabawar ya san abin da hakan ke nufi da rana tsaka.

Inda nake da ja shi ne teburin shawara. Ɗalibin da ke cikin jami'a yana da hanya biyu, kuma kowace da farashinta. Ko dai ya sake rubuta JAMB, idan ya dace ya ajiye kwas ɗinsa ya koma aji ɗaya ya fara shekara shida daga tushe, ko kuma ya kammala digirinsa da sakamako mai kyau ya nemi shiga kai tsaye zuwa aji biyu, inda ake fara Anatomi da Fiziyoloji da Bayokemistiri. Ma'aikacin da na tarar bai ambaci hanya ta biyu ba sai da na tambaya, kuma dalilin a fili yake, domin ba ta kawo wa cibiyar kuɗi. Haka nan bai gaya wa ɗalibai cewa Hukumar Kula da Likitoci da Likitocin Haƙori ta Nijeriya ce take ƙayyade yawan waɗanda kowace makaranta za ta ɗauka ba, ta yadda Jami'ar Bayero, wadda ɗalibanta ke samun horo a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ba ta da ikon buɗe ƙofa ga duk mai maki mai kyau. Bai kuma yi bayanin rabon gurabe a jami'o'in tarayya ba, inda kashi 45 cikin ɗari ke tafiya bisa cancanta, 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, 20 ga jihohin da aka ɗauka suna baya a ilimin boko. Hotunan masu maki sama da 300 ne dai a liƙe a bango, ba tare da an faɗi nawa ne daga cikinsu suka sami gurbin ba.

Illar wannan shiru ita ce yaro ya saki reshe ya kama ganye, ya yi sakaci da darussan sashensa saboda lesin, makinsa na jami'a ya zube, alhali jami'o'i da dama ba sa duban mai neman shiga kai tsaye sai digirinsa ya kai babbar daraja ta biyu, wato Second Class Upper. Saboda haka na fi ganin hikimar biyan kuɗin wata-wata a watannin da suka gabaci jarrabawa, a kan biyan na shekara da suke kwaɗaitarwa da ragi. Ya kamata kuma a duba takardar WAEC ko NECO tun kafin a biya ko sisi, a tabbatar akwai kiredit a Turanci da Lissafi da darussan kimiyya uku, tun da makarantun likitanci da yawa suna son su a zama ɗaya, kuma cibiyar ba ta tambayi tamu ba.

Akwai wani ƙarin kuɗi da suke kira na bin sawun gurbi, wanda na ƙi biya. Tun 2017 ta CAPS, wato tsarin intanet na hukumar JAMB, ake bayar da gurbi, ɗalibi yana iya shiga da wayarsa ya ga matsayinsa, ya karɓa ko ya ƙi da kansa. Da na nemi a faɗa mini aikin da za a yi da kuɗin, sai ma'aikacin ya ce, “Yallaɓai, duba masa za mu riƙa yi.”