Kafin ka sayi sintisaiza (na'urar ƙirƙirar sautin kiɗa) don kaurin sauti, fara duba ki

Ƙanena da ke haɗa kiɗa a wani ɗan situdiyo a Birnin Kebbi ya turo min waƙar biki, ya ce, "Yaya, saurara min, kiɗan ya yi kauri amma muryar ta ƙi zama a kansa." Da na ji, muryar ba ta da laifi. Auto-Tune, manhajar gyaran murya, ya kafe ta daidai kan ki, wato matakin sautin da aka gina waƙar a kai, shi kuwa ƙanen nawa ya karkatar da osileta (sashen sintisaiza da ke samar da sauti) ta biyu sent 30 zuwa sama, ya bar ta farko inda take. Kunne na jin tsakiyar biyun, wato sent 15 sama da ki, sai mawaƙiyar ta zama kamar ita ce ke ƙasa. Sai da na yi ta lallashi kafin ya fasa sayen sabuwar sintisaiza a ranar don magance matsalar.

Sent ma'aunin tazarar sauti ne: tsakanin maɓallin fiyano da na kusa da shi akwai sent 100. Ditun shi ne ka ɗan raba osileta biyu da 'yan sent kaɗan su riƙa gogar juna. Idan ɗaya na kaɗawa sau 440 a daƙiƙa ɗaya kuma sau 442, za ka ji sautin na rawa sau biyu a daƙiƙa, kaurin daga nan yake zuwa. Idan ka ɗaga ɗaya sent 7 ka sauke ɗaya sent 7, tsakiya na nan kan ki. Saboda haka abin da nake fara tambaya game da kowace na'ura shi ne, tana raba ditun ɗin daidai gefe biyu? Tana nuna maka lamba, ko sai dai ka yi da kunne?

Mai kwamfuta da manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio ya riga ya mallaki 3xOsc, sintisaiza mai osileta uku da ke cikinta. Bar osileta ta farko a sifili, ta biyu sama, ta uku ƙasa da lamba ɗaya, magana ta ƙare. Manhajar sintisaiza ta Vital tana da nau'in kyauta, tana ninka osileta ɗaya har muryoyi 16 ta shimfiɗa su hagu da dama da kanta. Serum da Sylenth1 na kuɗi ne, aikinsu a wannan fanni kusan ɗaya ne. Duk suna bin sawun Roland JP-8000 ta 1996, wadda ta tara muryoyi bakwai a osileta guda. Manhaja ba ruwanta da zafi, sent 7 na yau shi ne na gobe. Matsalarta cin ƙarfin kwamfuta: ka buɗe muryoyi 16 a tsohuwar laftof ka danna maɓalli huɗu, sai ka ji tana kakarin mutuwa. Muryoyi biyar ko bakwai sun wadatar.

Na'urorin analog, masu samar da sauti da kayan lantarki kai tsaye ba da lissafin kwamfuta ba, su ne ke buƙatar dogon tunani a garinmu. Osiletocinsu na sauya ki da zafin jikinsu, shi ya sa ake kunna su a bar su su ɗumama kafin a fara ɗauka. To ka ɗauki watan Afrilu a Kebbi, zafi ya haura digiri 40, wuta ta ɗauke, fanka ta tsaya, an tayar da janareto, an sake kunna komai. Abin da ka ɗauka da safe da wanda ka ƙara bayan la'asar ba lallai su zauna kan ki ɗaya ba. Behringer Model D tana da osileta uku da kaurin da ke ratsa ƙirji, amma da hannu ake saita ta, ba ta adana saiti, sautin maɓalli ɗaya take fitarwa a lokaci guda. Tana da maɓallin da ke ba da sautin 440 don ka daidaita da shi, kuma za ka yi ta komawa gare shi. Korg Minilogue ta 2016 ta fi sauƙin hali, tana daidaita kanta idan an kunna ta, tana adana saiti, tana buga sautin maɓalli huɗu a lokaci guda. Korg Volca Keys kuwa 'yar ƙarama ce mai aiki da batir shida, da abin murɗa ditun a fuskarta. Ta yi wa mai koyo, sai dai maɓallanta sun yi wa yatsa ƙanana.

Mai zuwa wajen biki da fiyano fa? MicroKORG, wadda ta fito a 2002, dijital ce mai kwaikwayon analog, rana ba ta kautar da kinta.

Ni dai ga ƙanena na ce ya riƙe kuɗinsa, ya sauke Vital, ya sayi belun kunne mai kyau. Idan har ya nace sai na'urar da zai taɓa da hannu, Minilogue. In ta hannu ce zai saya, ya je da manhajar gwada ki a wayarsa, ya kunna na'urar, ya danna maɓallin A, mai sautin 440, ya duba, ya bar ta rabin sa'a ya sake dubawa. Na kuma hana shi ditun a kan bes, wato sautin ƙasa mai nauyi, don a ƙasa rawar sautin takan sa ƙarfinsa ya riƙa zuwa yana tafiya, a lasifikar biki kuma kalangu ne zai fara ɓacewa a cikin laka. Ya mayar da osiletocin sent 8 sama, 8 ƙasa, ya sake turo min waƙar da daddare, muryar ta zauna.