Na siyo tsohuwar tarakta Massey Ferguson 135 saboda bidiyon turawa, ga abinda na gani bayan damina biyu

Ni dai ba wani babban manomi bane, ma'aikaci ne, gonata hekta huɗu ce a wajen Zariya ta hanyar Shika, sai ɗan kiwon raguna da shanu biyu da nake turkewa. Abinda ya jefa ni wannan harka wallahi bidiyo ne. Akwai wasu tsofaffin turawa a Ingila da Amurka da suke ajiye tarakta don sha'awa kawai, kamar yadda wani a nan zai ajiye doki ko tattabaru, mutum yayi ritaya ya siyo taraktar da ta girmi ɗansa na fari ya kwance ta kaf ya wanke ya fente ya mayar, sannan ya fita ya yanke ciyawa ya baza ta sha rana ya tattara ta layi layi, wani inji ya biyo baya yana haɗiya yana tofo dami mai kusurwa huɗu kamar bulo. Ina kallo har ƙarfe ɗayan dare, uwargida tace wannan kallon naka kuɗi zai ci. Bata yi ƙarya ba.

Wadda na samu 135 ce, ja, irin wadda aka fara ƙerawa a 1964, tawa ƙirar Coventry ce ta Ingila. Injinta Perkins ne mai silinda uku, gas take sha, ƙarfinta wajen doki 45. A ido ƙarama ce, wanda ya saba ganin babbar Massey Ferguson 375 da ake haya da ita a ƙauyukanmu zai ce wannan ai jikarta ce. Amma fa injin nan ban ga abin kushewa ba. Da safe ko lokacin sanyin hunturu in dai batir na da caji bugu ɗaya take tashi, kuma shan manta kaɗan ne, ina yin haro wuni guda ban damu da jarka ta biyu ba. Babu kwamfuta babu wata waya mai rikitarwa, bakanike na bakin titi yana buɗewa ya gane komai, kayan gyaranta kuma na samu a Kano ba tare da wahala ba, filta, fambel, har kayan kuloci.

Wanda ya sayar min dai Allah ya isa ban ce ba amma bai kyauta ba. Yace min ba abinda take buƙata sai direba, ashe fenti ne kawai sabo. Sati biyu lagireto ya fara zuba, birki ɓangare ɗaya baya kamawa, hannun ɗaga kaya na baya kuma in ka ɗaga haro ka kashe inji kafin ka gama shan ruwa ya sauka ƙasa da kansa. Wannan ba laifin tarakta bane, shekaru ne da rashin kula, an daɗe ba'a canza mata man haidurolik ba, da muka zuke shi kamar kunun kanwa. Duk mai son siya dan Allah ya tafi da bakanikensa, a ɗaura mata kaya mai nauyi a ɗaga a kashe inji a tsaya a gani, kar a tsaya kallon fenti. Sitiyarinta kuma ba pawa, da yamma kafaɗa zata gaya maka. Tawa bata da ƙarfen kariya na sama ma, shi yasa bana kusantar gangaren rafi da ita kuma bana yarda yara su hau gefe.

To yanzu maganar ciyawa, wadda ita ce asalin dalilin siyan. Na haɗa da injin yanka mai faifai biyu masu juyawa, kowanne da ƙananan wuƙaƙe uku, ana ɗaura shi a baya shaf ɗin tarakta na juya shi sau 540 a minti ɗaya. A bidiyo abin kamar aski. A gonata ranar farko ko kadada ɗaya ban gama ba wuƙa biyu suka lanƙwashe, dutse ya tashi ya wuce ta gefen kunnen yaron da ke taya ni, Allah ne ya kiyaye. Sai a lokacin na gane abinda kyamara bata nunawa: filin baturen nan shekara da shekaru ciyawa kawai ake shukawa a ciki, a baje yake kamar tabarma, an tsince duwatsu tun zamanin kakansa. Mu kuwa gonarmu kunya ce, ga kututture ga suri ga ramin gafiya. Harawar wake da ta gyada da nake ta buri zan yanka da inji ashe ba zai yiwu ba sam, tunda a kan kunya suke kuma wake yaɗo yake a ƙasa, dole dai lauje da hannu kamar yadda aka saba, a ɗaure dami a ɗora a rumfa.

Inda injin yayi min rana shine wani fili a ƙasan gonar da ban taɓa nomawa ba, gamba da kyasuwa ne suka cika shi. Da rani muka bi shi da yara muka tsince duwatsu muka tone kututture muka baje suri biyu, ƙarshen damina wajen watan Oktoba na shiga, abinda mutum biyar zasu kwana uku suna yi da lauje na gama kafin azahar. Darasi ɗaya dana ɗauka wurin turawan kuma ya amfane ni shine yanka da wuri kafin ciyawa ta tsufa ta zama kara, da kuma barinta ta bushe sosai ana juyawa kafin a tara, don in ka tara da danshi zata yi zafi ta ruɓe, suna cewa har wuta tana iya tashi a rumbu. Mu nan rana ba matsala bace, kwana biyu ta bushe ƙarau tana nan da ɗan korenta, ragunan layya na bana sunci sun more.

Injin ɗaure dami kam na haƙura, kuɗinsa da igiyarsa da gyaransa sun fi ƙarfin hekta huɗu. Wani mai walda ya haɗa min akwatin katako da ƙarfe irin wanda na gani wani dattijo yayi a bidiyo, a zuba ciyawa a tattake a ɗaure da igiya, dami na fitowa daidai a jera a ɗaki.

Taraktar zan bata takwas cikin goma, da tirela ma kaɗai tana biyan kuɗin manta don maƙwabta na kira ɗaukar taki da masara. Injin yanka biyar, shima don filin gamban nan ne. Bana nayi niyyar ware hekta ɗaya in baje ta ba kunya in watsa lablab, wani irin wake da ake shukawa don abincin dabbobi, in gani ko zai yanku.